Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'in Najeriya (NUC) Kan Malaman Zane

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan malamin jami'a mai koyar da zanen hotunan littattafai da bugun zane da hannu, wanda ma'aunin ƙarin girma a jami'o'inmu bai san yadda zai auna aikinsa ba.

Wannan fanni yana da tushe a ƙasar nan. A Zariya ne, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Onobrakpeya ya yi suna a duniya da bugun zane, marigayi Solomon Wangboje kuwa, wanda shi ma a Zariya ya yi karatu, ya kai matsayin farfesa yana koyar da wannan sana'a.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin bugu ya san yadda malamin yake yini a tsaye. Zai tsaya a kan ɗalibi yana sassaƙa katako, yana tuna masa cewa hoton a juye zai fito, dama ta koma hagu, kuma inda wuƙa ta ci ba ya ɗaukar tawada. Idan a farantin tutiya aka yi zanen, shi zai sa ido a kan ruwan asid da ake tsoma farantin a ciki don layukan su lotsa, domin jinkiri kaɗan ya isa ya cinye layin da aka yi mako ana zanawa. Hoto mai launi uku sau uku zai bi ta ƙarƙashin inji, in takarda ta goce ko da kaɗan, aikin ya lalace.

Amma idan lokacin ƙarin girma ya zo, maƙalun mujallu da digirin digirgir kwamiti ya fi ƙirgawa, littafin yara da malamin ya zana da baje kolin da ya yi kuwa ba kasafai ake ba su nauyin da ya dace ba. Dole ta sa ƙwararru suka ajiye wuƙa suka koma rubutu a kan zane, ɗalibai suna kammalawa ba su taɓa juya injin bugu ba. Ga shi kuma littattafan Hausa na firamare suna neman mai zanen da ya san fasalin rumbu da zaure.

Ina roƙon hukumarka ta fitar da ƙa'ida a rubuce wadda za ta ɗauki baje koli da littattafan da malami ya zana a matsayin bincike, masu zane daga wata jami'a su tantance ingancinsu. Sannan idan tawagarku ta je tantance sashen zane, ta sa a kunna injin a buga hoto a gabanta, ta kuma buɗe ma'aji ta ga ko akwai tawada da takarda.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani tsohon ɗalibin zane