Masu wankin mota, ku tausaya wa fenti

Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana da 'yan'uwana masu mota.

Motata baƙa ce. Shekara 6 ana dirza ta da tsumma ɗaya, da ruwan bokiti ɗaya, tun daga taya har rufi. Ranar da na kai ta wurin wani ƙwararren mai gyaran fenti, ya haska bonet da tocila, sai ga zane-zane kewaye kamar saƙar gizo-gizo. Wallahi raina ya ɓaci. Ashe yashin da ke maƙale a tsumma ne ya yi ɓarnar.

Abin da ya burge ni, kafin ya kunna injin gogewa sai da ya auna kaurin fentin da wata 'yar na'ura. Ɓawon sheƙin da ke saman fenti bai kai kaurin silin gashi ba, kuma duk gogewa tana cin wani abu daga cikinsa, wanda ya tafi ba ya dawowa. Kwana biyu yana bin ta gefe-gefe, sannan ya shafa ruwan seramik, wani sinadari da ke daskarewa a kan fenti ya zama kariya, ya hana ni wanke ta har mako guda.

Yanzu ruwa gangarewa yake ɗigo-ɗigo, kashin tsuntsu kuma yana fita ba dirza. Seramik mai kyau kan yi shekaru in ana kula da shi. Amma masu tallar cewa yana hana tsakuwa fasa fenti, su ji tsoron Allah, ba ya hanawa.

Roƙona ga masu wanki: a yi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, a sami tsumma mai laushi, na taya kuma a ware shi daban.

Naka,
Mai karanta jaridarku kullum