Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Rashin Likitan Dabbobi Na Gaggawa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Unguwa,
Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka. Mu talakawanka, magidanta da iyaye mata na wannan unguwa, mun kawo kukanmu gabanka ne domin tura ta kai bango.

Daren Juma'ar da ta wuce, karen gadin wani gida a layinmu ya ciji yaro ƙarami a ƙauri. Tun kafin ranar karen ya daina cin abinci, yawu na dalala daga bakinsa, haushinsa ya sauya, yana kai wa itace da ƙarfe cizo. Mai shi bai yi sakaci ba, ya nufi wurin likitan dabbobi da yamma, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya faɗa wani shago, aka ce masa zazzaɓi ne, aka sayar masa da allura. Bayan cizon, matasa suka kashe karen suka jefar, don babu wanda ya taɓa gaya musu cewa kan karen ake kaiwa a gwada ƙwaƙwalwar don a gano ko ciwon haukan kare ne. Shi kuwa yaron, maimakon a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a garzaya da shi asibiti, toka aka shafa masa, sai da gari ya waye aka kai shi. Yanzu yana karɓar allurai, mahaifiyarsa ta kasa barci. Ranka ya daɗe, ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum da wuya a tashi. Da ran ɗanmu aka yi wannan wasa.

Ba yau farau ba. Ragon layyar wata bazawara ya kumbura ta hagu cikin dare, aka yi ta ɗura masa manja har aka sa wuƙa. Akuya ta kwana tana naƙuda ɗa ya gicce. Wata yarinya ta ba kyanwarta farasitamol don tausayi, ba ta san guba ce ga kyanwa ba. Ga maganin ɓera da ake tallarsa a kan titi, kuliyoyi da karnuka na ci suna zubar da jini. Mun yi magana, mun rubuta, an ce za a duba, mun sake komawa, an ce mu jira. Har yau shiru. Wanda ke da hali ya ɗauki hanyar Zariya, tafiyar kusan kilomita 80, zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Talaka da tsakar dare fa, ina zai nufa?

Don haka muna roƙon alfarma, ranka ya daɗe, ka shige mana gaba wurin hukuma a samar da likitan dabbobi mai kwanan aiki, har Asabar da Lahadi, a kuma manna lambar wayarsa a ƙofar Mai Unguwa da masallatai. Muna roƙon a turo ma'aikata su wayar mana da kai, mu san alamun da ba a kwana da su: numfashi da ƙyar, jijjiga, dasashi ya yi fari, amai da jini, kumburin ciki, muzuru ya kasa fitsari, saran maciji. A dawo da rigakafin haukan kare duk shekara, tun kwikwiyo yana wata 3, ko da a ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware wa wannan ciwo. Ai a nan Vom ta jihar Filato ake yin allurar, ba sai an je Turai ba. A kuma ja kunnen masu shagunan da ke yi wa dabbobi allura ba da sani ba. Limamanmu ma su tuna wa jama'a cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa, an kuma gafarta wa wani don ya shayar da kare.

Sama da komai dai, ranka ya daɗe, likitan dare. In abin ya fi ƙarfin ofishinka, muna roƙon ka isar da shi fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, kuma a ba mu rana mu zo da mahaifin yaron ka ji daga bakinsa.

Allah ya taimaki Hakimi.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Magidanta, iyaye mata da matasan unguwa.