Yaran tasha su tsara wasansu da kansu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ƙungiyoyi a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, sun fara shirya wasan kwaikwayo da yaran da ke kwana a tasha da rumfunan kasuwa. Abin farin ciki ne, sai dai galibi babba ne ke rubuta labarin, yaro ya haddace, a tafa, a watse. Wannan ba ya taɓa komai.

Salon da ya dace shi ne wanda Augusto Boal, mai shirya wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Brazil, ya fito da shi a Latin Amurka cikin shekarun 1970, wanda ƙungiyar Cardboard Citizens ta ɗauka a Landan tun 1991 tare da marasa matsuguni. 'Yan wasa takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Wasan kada ya wuce minti goma sha biyar, kuma ya ƙare da rashin nasara. A ce yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare, an hana shi jarrabawa don ba shi da takardar haihuwa, ya koma dako. Sai a sake wasan daga farko. Duk ɗan kallon da ya ga mafita ya ce "tsaya!", ya shiga fili ya maye gurbin yaron. Gurbin wanda aka zalunta ake maye, ban da na mai zaluncin, domin in aka mayar da mugu mutumin kirki nan take, an yaudari 'yan kallo. Jagoran wasa kuma ba mai wa'azi ba ne, tambaya ɗaya yake maimaitawa: "Wannan zai yiwu a unguwarmu?"

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lokaci. Safiya ta dako ce, maraice na tasha. A sa gwaji bayan azahar, awa biyu, a fara da abinci, a kuma biya yaro abin da zai samu a wannan lokacin. In ba haka ba, mako na biyu ba za a ga kowa ba, a ce ba su da natsuwa, alhali yunwa ce.

Kada yaro ya taka labarin kansa. A sauya sunaye, wani ya hau. Mun fi damuwa da wannan, don bayan taro shi zai kwana a wurin da wanda ya tona wa asiri yake. Haka ma kada a sa fuskarsa a Facebook, kada a sa kakin ɗan sanda na gaske. Hula da usur sun wadatar.

A sanar da lawan ko jauro, wato masu sarautar gargajiya na wurin, da hukuma tun da wuri. A yi da Fulatanci da Hausa, Faransanci sai a bakin ma'aikacin ofis. A ajiye mutum guda yana rubuta shawarwarin da aka gwada, washegari a kai wa magajin gari tare da yara biyu daga cikin 'yan wasan.

Naku,
Wasu masu aikin wasan dandali, Garwa