Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Damagaram: a ba mu ruwa, a bar wa tabkuna nasu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni mazaunin Garin Malam ne, kuma ba sai na ba ku labarin ƙishirwar Damagaram ba. Da zarar bazara ta kama, matanmu a bakin famfo suke kwana da jarkoki, mai ɗan hali ya jira 'yan ga-ruwa. Tsohon ciwo ne. Garin a kan dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin hujjojin da Turawa suka kafa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Har gobe daga Gogo da Machaya, da Arunguza da Ganaram ake jawo mana abin da muke sha.

Amma ba kukan famfo ya sa na ɗauki alƙalami ba, masu yinsa sun yi yawa.

Kakannina 'yan Gidimuni ne. A can na ga yadda tabki ɗaya ke ciyar da masunci, da mai lambu, da mai dabino, da Bafillacen da ke shayar da shanu, ga tsuntsayen da ke sauka lokacin ɗari. Yanzu yashi na cin gefensa, ciyawar kacalla ta mamaye wuraren da ake jefa koma. Mai jigo a da guga guga yake ɗiba, in ya gaji ya huta, ruwa ya dawo. Injin ban ruwa kuwa ba ya gajiya. Ban ga laifin manomi ba, cikinsa yake nema. Sai dai kowa ja yake yi, babu mai ƙidaya. Haka abin yake a koramun Matamaye da Magarya, inda rake ke shan ruwan da ke kusa da doron ƙasa.

Ruwan tabki da na rijiya dai uwarsu ɗaya: damina ce, ta kwanta a kwari ta tsatsa ƙasa. In aka sare itatuwan gefen kwari, aka bar yashi ya cike shi, rijiyar burtsatse ma sai ta ji a jikinta.

Nijar ta sa tabkin Lasuri cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare tabkuna da fadamu, a 2005, na Gidimuni a 2019. Wannan alkawari ne, ranka ya daɗe, kuma a jiharku yake.

Roƙona shi ne, kafin a haƙa sabuwar burtsatse kusa da fadama, a auna zurfin ruwan wurin, a riƙa sanar da jama'a sakamakon duk shekara ta rediyo. A zauna da masunta da makiyaya da masu lambu a gaban hakimansu, a shata iyakar da garma ba za ta ƙetare ba a bakin tabki. Tabkunan cikin gari kuma, waɗanda muka mayar juji da hannunmu, a yashe su kafin damina.

In kun samu sarari, ku leƙa Gidimuni a watan Mayu, kafin ruwan farko ya rufe abin da ya kamata ku gani.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani mazaunin Garin Malam, Damagaram