Godiya ga shagon da ya tayar mini da keken rubutuna

Assalamu alaikum.

Na ga ya dace in fito fili in gode wa ma'aikatan shagon gyaran tafireta da suka karɓi aikina, musamman dattijon da ke teburin ciki. Baba, Allah Ya saka maka da alheri.

Ni mai tara tsofaffin kekunan rubutu ne, ƙanana na tafi-da-gidanka. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Olivetti Lettera 22, ƙirar Italiya ta 1950, wanda Marcello Nizzoli ya tsara har ya ci kyautar Compasso d'Oro, lambar yabon tsara kayayyaki ta Italiya, a 1954. To shi ne ya cije, kansa, wato ɓangaren da ke ɗauke da takarda, ya daina tafiya, kuma na sha wuya kafin in zo gare ku. Wani ko taɓa shi bai yi ba ya ce in jefar in sayi kwamfuta. Wani ya karɓa ya yi masa wanka da man feshin kwance tsatsa. Haruffa suka ɗan motsa, daga baya man ya sha ƙura ya zama danƙo, duk wanda ka buga sai ya maƙale bai dawo ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya ɓatar da ƙananan notinan da ke danne faifan ribin, wato ƙyallen tawadar da haruffa ke bugawa, alhali in babu su ribin Olivetti ba ya juyawa daidai. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Baba kuwa yana buɗe murfi ya sunsuna, ya girgiza kai. Ya ɗauko ƙaramin buroshi da ruwan wanke maiƙo, ya bi ramukan sandunan haruffa ɗaya bayan ɗaya, yana gaya mini cewa wurin nan ba ya son mai ko ɗigo. Ya nuna mini igiyar da ke jan kan keken ta tsinke, ya sa wata, ya ɗaure sifirin a hankali yana gwadawa, har ƙararrawa ta buga a ƙarshen layi. Notinan kuma daga wata gwangwani ya zaƙulo su, cikin kayan matattun kekuna da yake adanawa. Da ya ga robar da takarda ke naɗewa a kanta ta bushe, bai ɓoye mini ba. Ya ce in riƙa sa takarda biyu kafin a samu sabunta ta, kada haruffa su ci rauni.

Irin wannan hannu ya yi ƙaranci, kuma abin yana damuna ƙwarai. Manyan kamfanoni sun daina ƙera waɗannan kekuna, kayan gyara sai an ciro daga wani tsohon, don haka duk notin da aka yar da gangan an yi asararsa ke nan. Amma masu gyara da yawa yanzu, na waya ne ko na agogo, cire-ka-sa kawai suka iya. Ba bincike, ba bayani, in ka yi tambaya a ɗaure maka fuska kamar ka zo roƙo.

Akwai Hermes 3000 ƙirar Suwizalan a gida wanda ke tsallake harafi, shi ma wurinku zan kawo shi in Allah Ya so.

Naku mai godiya.