Kafin ku kai kwamfutar situdiyo fomat, ku fara cire lasisinku

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu haɗa sauti, musamman mu na nan Zoo Road a Kano, don abin da ya same ni ban so ya samu wani.

Kwanaki ina cikin ɗaukar murya, mawaƙi ya zo da 'yan amshinsa har su huɗu an biya musu kuɗin adaidaita, kawai sauti ya fara karcewa yana ƙarat-ƙarat kamar ana suya, na rufe na buɗe, na canza waya, shiru. Cikin zafin rai na ɗauki kwamfutar na kai wa wani mai gyara, shi kuma bawan Allah bai tambaye ni komai ba ya zuba mata fomat, wato ya goge komai ya sake loda mata, har da canza madabod, babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai. Ta dawo fes, amma duk filogin ɗin da na saya da gumina, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, suka ce ba su san ni ba. Dalili shi ne lasisin a jikin na'urar yake ɗaure, kana canza madabod toh a wajen kamfani wata kwamfutar ce daban, naka kuma yana can maƙale a wadda ta mutu. Da na sani, minti biyu ne in shiga manhajar lasisin in mayar da shi akawun ɗina kafin a taɓa komai.

Abin haushin ma, ashe karcewar ba cuta ba ce, bafa ce, wato saitin yawan sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci guda, na bari ƙasa a 64 ga tarin filogin a kan kowace murya. Da 512 na mayar da ita, ko na duba direban ASIO, manhajar da ke haɗa kwamfuta da sawunkad ɗin (na'urar shigar da sauti), da shikenan.

Sannan masu tsohuwar manhajar haɗa sauti ta Cubase mai dongul, wato ɗan makullin lasisi da ake sawa a USB, su sani, tun Cubase 12 a 2022 Steinberg, kamfanin da ke yin ta, suka bar dongul, kuma a watan Mayun 2025 suka rufe sabar eLicenser, wadda ke kula da lasisin dongul ɗin, gaba ɗaya. Naka zai ci gaba da aiki, amma ranar da ya ɓata ko yaro ya karya shi a jikin USB sai dai haƙuri. Shi kuma iLok Cloud, wani tsarin ajiye lasisin filogin a yanar gizo, intanet yake so ba yankewa, mu da netwok ɗinmu ke ɗaukewa ana tsakiyar baiti, gara ka sa lasisin a kan ɗan dongul ɗin USB na iLok. A nan dai masu manhajar haɗa sauti ta FL Studio sun fi tausayinmu, kana iya sauke fayil ɗin buɗewa a wata na'ura ka kawo a filash.

Na san wasu za su ce ai shi ya sa muke kirak, wato amfani da manhajar da aka fasa ba a biya ba. Wallahi na fahimta, a 2022 bankuna sun taƙaita sayayyar ƙasar waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya ma suka rufe, a lokacin ko kana da niyyar saye ta ina za ka biya? Amma ni na ga wanda kirak ya kulle masa aikin album guda, ba wanda zai kai wa ƙara.

Ni dai yanzu na tura wa kamfanin rasit ɗina ina jiran su sakar min lasisin, waƙa uku na ajiye, mawaƙin kuma kullum sai ya kira.

Naku,
Mai haɗa sauti daga Kano