Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Gwaje-gwaje na Makarantar Sakandaren Unguwarmu

Kwamitin da taron iyaye da malamai ya ɗora wa nauyin gyaran ginin kimiyya na makarantar sakandaren unguwarmu a Rigasa yana sanar da iyaye da tsofaffin ɗalibai da masu unguwanni cewa aikin ya kammala, kuma an miƙa makullai ga shugaban makaranta a gaban wakilan kwamitin kula da makaranta.

Lokacin da muka karɓi aikin, iskar farkon damina ta riga ta yaye rabin kwanon ginin, gara ta cinye katakon rufi, silin ya rufto, ɗakin gwaje-gwaje kuma ya koma wurin jibge karyayyun bencina. A taron farko wasu iyaye sun so a fara da katanga da ƙofar shiga, kuma hujjarsu ta tsaro ba abin rainawa ba ce. Amma kwamiti ya tsaya a kan ɗakin gwaje-gwaje saboda dalili guda. Jarrabawar WAEC da ta NECO duka suna da takardar gwaji a aikace a darussan kimiyyar sinadarai da fiziks da nazarin halittu, inda ake ajiye wa ɗalibi kayan gilashi da ma'aunai a ce ya auna, ya haɗa, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Yaron da ya shekara uku yana kwafar zanen waɗannan kaya daga allo, bai taɓa riƙe su ba sai ranar jarrabawa, an zalunce shi tun kafin a raba takarda. Sakamakon nan kuwa shi ake dubawa idan ya nemi gurbin karatun likita ko injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna, domin ba a shiga sai da kiredit 5, ciki har da Turanci da lissafi da darussan kimiyyar da fannin ya buƙata.

Mun raba aikin gida biyu saboda yanayin garinmu. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da ruwan Agusta ba ya barin kafinta ya hau sama, don haka aka yi rufi a hutun ƙarshen zango na biyu, kafin ruwa ya sauka sosai. An sauke tsohon katako gaba ɗaya, an shafe sabo da maganin gara kafin a ɗora shi, an kuma sa kwano mai kauri, ko da yake ya fi tsada, domin siririn kwano shi ne ya jawo ɓarnar farko. Aikin ciki ya jira dogon hutu. Birkiloli sun zuba teburan gwaji na kankare aka lulluɓe su da tayil, an kafa wuraren wanke hannu da kaya, an jawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, tukunyar gas kuma an gina mata keji a bayan ɗaki, nesa da inda yara suke zama. Tagogi da ƙofofin ƙarfe masu walda na Panteka ne suka ƙera su, kuma kwamiti ya gamsu da aikinsu.

Da ragowar bulo da siminti aka gyara banɗakin 'yan mata, aka sa masa ƙofa da ruwa. Malamai mata sun daɗe suna cewa rashinsa na sa manyan 'yan mata fashin zuwa makaranta, kuma mun ga bai dace a ci gaba da jan ƙafa a kansa ba.

Kuɗin aikin ya fito ne daga karo-karon iyaye da gudummawar tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar unguwa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin siminti da kuɗin dakon yashi ba su tsaya wuri ɗaya ba, shi ya sa ba mu bayar da kwangila ba, muka riƙa sayen kaya da kanmu muna biyan masu aiki kai tsaye. Ma'aji ya liƙa cikakken lissafi a allon sanarwa na makaranta, rasit kuma suna ofishin shugaban makaranta ga duk mai son dubawa.

Abin da ya rage ya fi ƙarfin kwamiti. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tsaya ne a firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka buƙatun babbar sakandare Ma'aikatar Ilimi ta jiha ake kai wa, kuma mun rubuta mata muna roƙon ƙarin malamin fiziks da ma'aikacin da zai kula da ɗakin, da sinadaran da ke ƙarewa duk zango. Mun kuma roƙi shugaban makaranta ya sa darasin gwaji a jadawalin kowane mako tun daga ajin SS1, kada a rufe ɗakin sai jarrabawa ta ƙarato a buɗe shi a gurguje. Ya amince, kuma malaman kimiyya za su riƙe littafin da ake rubuta kowane gwaji da ajin da ya yi shi. Za a kawo littafin nan taron iyaye na ƙarshen zango, inda za a tattauna batun katanga.